ME YA SA KAMFANI BA YA ZUWA GARINMU? Tarihin masana'antun Kano da abin da ya kamata Rano da Kibiya su nema

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, sai a yi haƙuri a bi shi har ƙarshe.

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato, akwai alkawarin da ba ya tsufa a yankinmu na Rano da Kibiya da Bunkure: za a kawo kamfani, matasa su samu aikin yi. Mu ma idan aka zauna a majalisa, daga Rurum har cikin Rano, ƙorafin ɗaya ne. Ga dam ɗin Tiga a bayan gidanmu, ga ƙasar noma, ga matasa majiya ƙarfi suna ta tafiya ci-rani Legas da Fatakwal da Abuja, amma duk masana'antar da za a kafa sai ka ji ta a Sharaɗa ko Challawa ko Tokarawa. Wasu su ce an raina Kano ta Kudu ne, wasu su ce masu kuɗinmu ba su da kishin gida.

Ban ce babu ƙamshin gaskiya a maganganun nan ba. Amma idan muka bi tarihin masana'antu a ƙasar Kano tun daga shekara ɗari biyu da suka wuce, za mu ga abu guda yana maimaituwa: masana'anta lissafi take bi. Mai ita yana duba inda ɗanyen kaya yake, da inda wuta take, da hanyar da zai fitar da kaya, da wanda zai saya. Inda lissafin ya faɗa, nan yake kafa injinsa, ko da garin ba nasu ba ne. Ranar da lissafin ya juya kuma, ya kulle ƙofa. In mun fahimci wannan, za mu san abin da ya kamata mu riƙa tambayar 'yan takara a kai.

LOKACIN DA MASANA'ANTAR TANA ƘAUYE

Da yawa daga cikin matasanmu sun ɗauka Turawa ne suka kawo mana sarrafa kaya. Ba haka ba ne. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya zo Kano. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, har Tumbuktu ta yamma, ya kuma ƙiyasta kuɗin tufafin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla. Fatar akuyarmu kuwa da ake jemewa a nan, ita ce ke ratsa hamada ta isa Turai, can su riƙa kiranta fatar Maroko domin ta hannun Larabawan arewacin Afirka take isa gare su.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan aikin ba a cikin ganuwar birni ake yin sa ba. Gaskiya ne akwai marinar Ƙofar Mata, amma baƙin yadin da Buzaye ke naɗawa, wanda ya fi kowanne tsada, sunansa ma 'yan Kura, domin a Kura da garuruwan da ke kewaye da ita ake rina shi a buge shi. Wato nan kusa da mu, kudu da birni.

Me ya sa? Domin duk abin da sana'ar ke buƙata yana ƙauye. Auduga a gona take, baba ma a gona. Toka da ruwa da itace suna nan. Mata suna kaɗi a cikin gida, maza suna saƙa da rani bayan an kawar da amfanin gona, marina suna karofi, mabuga suna kusa da su. Ba a buƙatar lantarki, ƙarfin hannu ne. Fatake da jakuna su kwashe su kai Kurmi, daga nan raƙuma su ɗauka. Birni kasuwa ce da wurin jari, ƙauye kuwa shi ne masana'antar. Kun ga ko a wancan zamani lissafi aka bi, sai dai lissafin ya faɗo wajen mutanen karkara.

JIRGIN ƘASA YA JUYA LISSAFI

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1911 layin dogo ya iso, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Burin Turawan Ingila shi ne a noma musu auduga domin masaƙunsu na Manchester. Manomin Kano ya yi nasa lissafin, ya ga gyaɗa ta fi kuɗi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta, sai ya rungumi gyaɗa. Daga nan aka samu dalar gyaɗa, aka samu manyan dillalai irin su Alhassan Ɗantata.

Jirgin nan da ke gangarawa Legas da gyaɗa da fata da auduga, ba ya dawowa wayam. Yana dawowa da yadin Ingila mai araha. A hankali masaƙin ƙauye ya rasa kasuwa, karofi ya fara bushewa. Muka koma masu sayar da ɗanyen kaya, masu sayen sarrafaffe.

Abu na biyu da jirgin ya yi shi ne, ya tara komai wuri ɗaya. Duk mai son ciniki babba dole ya matso kusa da tasha. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC suka kafa kantuna da rumbuna a nan, Kwarori 'yan Lebanon da Siriya suka zauna a Fagge, inda Kantin Kwari yake a yau. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kawo wa birni ruwan famfo da lantarki daga Challawa. Filin jirgin sama ma yana nan. Layin dogo kuwa bai biyo ta Rano ba, ya bi ta yamma da mu ya nufi Zariya. Rano da ke cikin Hausa Bakwai ta zama garin da ake zuwa sayen gyaɗa a yi gaba da ita. Tun daga ranar aka fara yi mana nisa, tun kafin a haifi duk ɗan siyasar da muke zargi a yau.

ZAMANIN BOMPAI DA SHARAƊA

Masana'antun zamani na farko a Kano sun taso ne daga abin da jirgi ke ɗauka. Wasu 'yan Lebanon da Girkawa suka ga cewa maimakon a biya kuɗin dakon gyaɗa har teku, gara a matse ta a nan a tura mai. Aka samu kamfanonin matsar man gyaɗa irin su Nigerian Oil Mills da P.S. Mandrides. Aka samu majemun zamani, domin fata ɗanya ba ta jure doguwar tafiya. Unguwar Bompai ta zama matattarar farko saboda tana daf da layin dogo, ga wuta, ga ruwa, ga ma'aikata a unguwannin da ke kewaye.

A lokaci guda gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta ɗauki rarar kuɗin da hukumar sayen amfanin gona ke tarawa daga gyaɗa da auduga, ta zuba a masana'antu. A 1957 aka buɗe Kaduna Textiles tare da wani kamfanin Ingila, David Whitehead. Daga baya UNTL da Arewa Textiles suka biyo. An zaɓi Kaduna ne domin ga kogi, ga mahaɗar layin dogo, ga audugar Funtuwa da Zariya a kusa, ga kuma fadar gwamnati. A tuna fa, kuɗin da aka gina su da shi gumin manomin gyaɗa ne, har da kakanninmu na Rano da Kibiya.

Bayan 'yancin kai aka ɗauki manufar hana shigo da abin da za a iya yi a gida. Aka ɗora haraji mai nauyi a kan kayan waje, aka sa sai da lasisi ake shigo da su. A 1968 aka gama dam ɗin Kainji, wuta ta ƙaru. A 1967 an ƙirƙiro Jihar Kano, Audu Baƙo ya zama gwamna. Kuɗin fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, kowa yana sayen keke da rediyo da atamfa. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka ba attajiran Kano damar shiga harkar, irin su gidan Ɗantata da Alhaji Isyaku Rabi'u, daga baya Alhaji Nababa Badamasi ya kafa masaƙar Gaskiya. Bompai ta cika, aka yanka Sharaɗa kashi-kashi, aka yanka Challawa.

A lokacin Kano ce ta biyu bayan Legas a yawan masana'antu. Ana yin yadi da bargo da takalma da robobi da kwanukan sha da alewa da biskit da sabulu da turare da keken Raleigh. Masu saye kuma ba 'yan Nijeriya kaɗai ba ne, har da Nijar da Chadi da arewacin Kamaru. Wanda ya girma a shekarun 1980 ya san yadda titin Sharaɗa ke cika da masu keke idan an yi canjin aiki.

A daidai wannan zamani ne aka gina Tiga, daga 1971 zuwa 1974. An yi shi ne domin noman rani da ruwan sha na birni. Ruwan ya biyo babbar magudana ta Ruwan Kanya ya gangara Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. Rabon aikin da aka yi ke nan: mu ruwa da noma, birni inji da albashi.

KAMFANONIN DA SIYASA TA ZAƁA WA WURI

To wani zai ce, ai gwamnati tana iya cewa a kai kamfani wuri kaza, kuma a kai. Haka ne, an ma gwada. A ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 gwamnatin tarayya ta rarraba manyan masana'antu domin kowane yanki ya samu rabonsa. Aka kai kamfanin mulmula ƙarfe Katsina da Jos da Oshogbo, alhali ƙarfen da za su sarrafa sai an ɗauko shi daga Aladja ta jihar Delta ta yanzu. Aka kai haɗa motocin Steyr Bauchi, aka kawo na Fiat Kano, Peugeot kuma tana Kaduna tun 1975. Kusan duk sassan da ake haɗawa daga Turai suke zuwa, a sauke a bakin teku, a yi dakonsu kilomita wajen dubu.

Muddin gwamnati na da kuɗin cike giɓi, sun yi aiki. Da kuɗin fetur ya ja baya, yawancinsu suka durƙushe, wasu aka sayar, wasu ciyawa ta cinye. Ku kwatanta su da kamfanin siminti na Sakkwato da ke Kalambaina da na Ashaka a Gombe. Su ma gwamnati na da hannu a kafa su, amma an ɗora su ne a kan dutsen da ake yin siminti da shi. Har yau suna aiki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kamfanin da aka kawo don a faranta wa jama'a rai ranar buɗewa, ba tare da lissafi ba, kango ne ake ginawa da kuɗin talakawa.

YADDA AKA RUSHE

Rushewar masana'antun Kano ba dare ɗaya ta faru ba, kuma ba mutum ɗaya ya jawo ta ba.

Ɗanyen kaya ne ya fara tafiya. Farin 1972 zuwa 1974, sannan cutar da ƙwarin darɓa ke yaɗawa ta faɗa wa gyaɗa a 1975. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa fitar da gyaɗa a duniya a shekarun 1960 ta wayi gari dala ta ɓace. Kamfanonin mai suka rasa abin matsa. Auduga ma ta yi ta ja da baya.

Sai kuɗin waje. Yawancin kamfanonin Sharaɗa da Bompai injinsu na waje ne, kayan gyara na waje, sinadarai na waje, wasu har ɗanyen kayan. Wannan bai dami kowa ba a 1980, lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya. Da gwamnatin Babangida ta kawo SAP a 1986 aka saki naira, cikin 'yan watanni dala ta koma wajen naira huɗu, daga nan kuma ba ta sake waiwayowa ba. A shekarar ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Mai kamfani ya ga kuɗin kayan aikinsa ya ninka, mai saye kuma aljihunsa ya rame.

Sai wuta. NEPA ta zama abin da kowa ya sani. Kamfanoni suka koma janareta da baƙin mai daga matatar Kaduna, matatar ita ma ta riƙa tsayawa. Jirgin ƙasa ya mutu, kaya suka koma kan tirela, da shingayen hanya da kuɗin goro a kowane shinge.

Daga ƙarshe katangar da ke kare su ta faɗi. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995. A 2005 yarjejeniyar da ke taƙaita cinikin tufafi a duniya ta ƙare, yadin Chaina ya malalo ko'ina. Wanda aka hana ta tashar ruwa sai ya biyo ta Kwatano da Maraɗi ta fasa-ƙwauri. A 2007 UNTL ta Kaduna ta rufe, dubban ma'aikata suka koma gida. Kantin Kwari da aka san ta da yadin Kano da Kaduna ta koma kasuwar yadin Chaina, har da mai ɗauke da zanen namu. Gine-ginen kamfanoni da dama a Bompai da Sharaɗa suka koma rumbunan ajiye kayan waje.

INA MASANA'ANTUN SUKA KOMA?

Ba wai an daina kafa masana'antu a Nijeriya ba ne. Wuri suka canza. Je ka Ota da Agbara da Shagamu a jihar Ogun ka gani. Dalili biyu ne manya: suna kusa da tashar ruwa ta Legas, kuma bututun iskar gas ya isa gare su. Mai kamfani a can yana kunna injinsa da gas, ɗan'uwansa na Kano yana ƙona dizal da aka yi dakonsa daga kudu. Kafin su kai kaya kasuwa, an riga an gama gasar.

Ga masu cewa rashin kishi ne, ku dubi Aliko Ɗangote da Abdussamad Isyaku Rabi'u. Dukansu 'yan Kano ne. Ɗangote ya kai babban kamfanin simintinsa Obajana ta jihar Kogi, domin dutsen yana can. Ya kai matatar man fetur mai ganga 650,000 a rana Lekki, bakin teku. Dukansu biyu sun kafa matatar sukari a Apapa, domin ɗanyen sukarin a jirgin ruwa yake zuwa daga Brazil. Abdussamad ya zuba kuɗi a simintin Sakkwato, domin can ma dutsen yake. Idan waɗannan ba su kawo irin waɗannan kamfanoni Kano ba, ba wanda zai kawo su Rurum, kuma ɓata baki ne mu tsaya nema.

Haka abin yake a duk duniya. Manchester ta zama garin masaƙu ne saboda kwal da tashar ruwan Liverpool. Chaina ta zaɓi Shenzhen a 1980 saboda tana maƙwabtaka da Hong Kong, inda jari da jiragen ruwa suke. Amma akwai wani ɓangare na labarin Chaina da ya fi shafar mu. A shekarun 1980 miliyoyin mutanenta sun samu aiki a ƙananan masana'antu na ƙauyuka da gundumomi, masu yin bulo da kayan noma da sarrafa abinci, domin an kai musu wuta da hanya, an bar su su sayar.

ABIN DA KE DAWOWA, DA INDA YA DOSA

Yanzu ga inda nake son mu buɗe ido. A shekaru goman da suka wuce, masana'antar da ta fi bunƙasa a Kano ita ce ta shinkafa. A 2015 Babban Banki ya hana ba da dala don shigo da wasu kayayyaki 41, ciki har da shinkafa da tumatirin gwangwani. A ƙarshen shekarar aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Kebbi. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakoki. Sai ga kamfanonin shinkafa suna tsirowa, manya irin su Umza da Tiamin, da ɗaruruwan ƙananan injina.

Ku lura da inda da yawansu suka zauna. Ba su tsaya a Bompai ba, sun biyo titin Zariya, sun fuskanci Kura da Kadawa. Dalili a fili yake. Buhun shanshera idan an gyara shi, kusan kashi ɗaya cikin uku yana tafiya a ɓuntu da dusa. Wa zai so ya biya kuɗin dakon ɓuntu? Wannan ita ce ƙa'idar da ta rage mana: duk kayan da ke da nauyi, ko yake saurin lalacewa, ko yake raguwa sosai idan an sarrafa shi, injinsa yana son zama kusa da gona. Karo na farko tun zuwan jirgin ƙasa, lissafi ya fara juyowa wajenmu.

Sai dai kusanci da gona kaɗai ba ya isa, kuma misalin yana nan a Kadawa. A 2016 Ɗangote ya buɗe kamfanin tumatir a can, wanda aka tsara zai markaɗa tan 1,200 a rana. A takarda babu wurin da ya fi nan dacewa. Amma a shekarar tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kamfanin ya tsaya. Ko bayan an sake buɗewa, ya yi ta fama da ƙarancin kaya. Tumatir na 'yan watanni ne a shekara, amfanin da kadada ke bayarwa kaɗan ne, kuma idan farashi ya tashi a Kwanar Gafan, manomi zai ɗora wa motar Legas ne. Ba laifinsa ba ne, shi ma lissafi yake yi kamar yadda kakansa ya yi da gyaɗa a 1912. Inji yana son kaya kullum, a farashin da aka sani tun kafin shuka. Idan babu wannan, sai ya kwanta.

Shinkafar ma akwai abin tsoro. A bayan katanga ta girma, kamar kamfanonin 1970. A watan Oktoban 2023 aka ɗage hanin dala, a 2024 aka sassauta harajin shigo da wasu kayan abinci saboda tsadar rayuwa, masu injina suka fara kuka. Ga cire tallafin fetur a Mayun 2023, ga kuɗin wutar Band A da aka kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. A Oktoban 2024 kuma kusan duk Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Injin da ba zai iya tsayawa da ƙafarsa ba sai an rufe iyaka, ranar da aka buɗe zai bi sahun masaƙu.

TO ME ZA MU NEMA?

Ra'ayina, mu daina karɓar alkawarin "za a kawo kamfani". Ɗan siyasa ba shi da kamfani a aljihu. Abin da ke hannunsa shi ne abubuwan da ke juya lissafi, kuma a kansu ya kamata mu tsare shi.

Na farko wuta. Tiga ta yi kusan shekara hamsin ruwa na zuba ba a samar da lantarki da shi ba. Sai a 'yan shekarun nan aka yi tashar megawat 10, wadda aka faro a zangon Kwankwaso na biyu aka ci gaba zamanin Ganduje, kuma an tsara wutar ne domin matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titin birni. Ba mu ƙi birni ya sha ruwa ba. Amma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Babu abin da zai hana a ware wani kaso, ko a haɗa da na hasken rana, a ja layi na musamman zuwa fili guda tsakanin Tiga da Rurum da Rano, a ce duk mai injin sarrafa amfanin gona ya zo nan akwai wuta. Ko megawat ɗaya ko biyu zai tayar da ƙananan injina masu yawa.

Na biyu hanya. Titin Karfi zuwa Bunkure zuwa Rano zuwa Kibiya, da wanda ya haɗa Rano da Rurum da Tiga, su ne layin dogonmu. Dole su zama waɗanda tirela za ta bi da damina ba fargaba, tare da hanyoyin da ke shiga gonaki. Ta nan za mu haɗu da titin Zariya, da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023, da bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 da aka fara a 2020, in Allah Ya nuna mana isowarsa.

Na uku fili mai takarda. Mu da ke aikin gwamnati mun san yadda fayil ke kwana a kan tebur. Mai jari ba zai zuba miliyoyi a filin da gobe magada goma za su taso a kansa ba. Ƙananan hukumomi da masarauta da jiha su zauna su ware fili, a biya masu gonaki diyya ta gaskiya tun farko, a fitar da takarda. Jihar Kano tana cikin rukunin farko na shirin yankunan sarrafa amfanin gona da Bankin Raya Afirka da abokan hulɗarsa ke tallafawa. Wakilanmu su gaya mana a fili, wane kaso ne yankinmu ya samu a ciki.

Na huɗu yana wuyanmu mu manoma. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan babu ƙungiyoyin da za su iya yi wa mai inji alkawarin tan kaza na shanshera ko masara ko gyaɗa a wata kaza, su kuma cika ko da kasuwa ta motsa, to abin da ya faru a Kadawa zai faru da mu. Shi ma mai inji ya biya a kan lokaci, ya sa farashin da manomi zai fita.

Na biyar, mu rage raina ƙarami. Matan da ke turara shinkafa, da masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da masu mazarƙwaila, da masu injin niƙa, da masu walda da ke ƙera injin sussuka, su ne masana'antar da muke da ita a hannu yau. Injin gyaran shinkafa mai cire tsakuwa, da wurin busar da tumatir da albasa mai tsafta, da injin abincin kaji da na kifi daga masara da dusa, ga kuma kifin Tiga, waɗannan ba sa buƙatar biliyoyi. Guda hamsin masu ɗaukar mutum goma-goma sun fi mana guda ɗaya mai ɗaukar ɗari biyar da zai rufe bayan shekara biyu. A koya wa yaranmu gyaran inji da haɗa wuta, domin mai kamfani yana tambayar wa zai gyara masa idan ya lalace da tsakar dare.

Masu kuɗinmu kuma, Alhamdu lillahi muna da su, har waɗanda sunan Rano ya zaga ƙasa ta dalilinsu. Ba zagi ko gori ne zai kawo su ba. Ranar da suka ga wuta tsayayya da titi da takardar fili da kayan da ba ya yankewa, ba sai an roƙe su ba, har baƙi za su riga su zuwa.

Don haka idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a ya ce zai kawo kamfani, a tambaye shi cikin ladabi: Ranka ya daɗe, kamfanin me? Da wace wuta zai yi aiki? Ta wane titi zai fitar da kaya? Wata nawa a shekara zai samu abin sarrafawa? Wanda ya iya amsa waɗannan, a saurare shi. Wanda ya kasa, a yi masa addu'a ya wuce.

Dattawanmu da suka yi aiki a Bompai da Sharaɗa da Kakuri suna nan da ransu a garuruwanmu, sun fi ni sanin abin da ya faru a cikin kamfanonin nan. Ya kamata matasa su zauna da su su ji daga bakinsu tun suna raye.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin ƙanmu, Ya sa albarka a nomanmu da sana'o'inmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.